Numfashi Huɗu a Shafin Ƙarshe

Shekara goma sha tara na yi ina tsayawa a hagun Ntate Sekake, a sahun baya na ƙungiyar mawaƙanmu ta garin Mafeteng. A yarenmu Ntate ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Mme. Mu bakwai ne masu murya ta huɗu, mai kaurin nan, amma idan waƙa ta gangara can ƙasa inda sauti yake komawa gurnani, biyar daga cikinmu a hanya suke tsayawa, ni da shi kaɗai muke ƙarasawa. Ba cika baki nake yi ba. Ni mai gyaran takalmi ne a bakin tashar mota, ba ni da wani abin tinƙaho a duniya in ban da wannan maƙogwaron, shi ya sa ba na yarda a raina min shi.

Ntate Sekake ya girme ni da shekara goma sha biyar. Shekara ashirin da shida ya yi a ramin zinariya a Welkom, can ƙetaren iyaka, ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da barguna biyu, da ƙurar dutse cike da huhunsa. Shekarun farko ba wanda ya gane, don muryarsa tana nan yadda take, in ya sake ta har gilashin tagar coci yakan amsa. Numfashin ne ya riƙa guntulewa a hankali. Ya daina hawa tudun bayan asibiti, sai ya zagaya ta kasuwa, wai yana son ganin mutane. Ni da nake jin ƙirjinsa a kunnena na dama sau biyu a mako, na san ba mutane yake son gani ba.

Muna da doka a ƙungiya tun zamanin waɗanda suka kafa ta. Duk wanda ya tsaya a sahu ranar gasar shekara, shi ne ɗan ƙungiya na wannan shekarar. In mutuwa ta same shi a cikinta, za a shimfiɗa shuɗiyar kwat ɗinsa ta ƙungiya a kan akwatin gawa, mu raka shi da waƙa tun daga ƙofar gidansa har bakin kabari. Wanda bai tsaya ba kuwa, sai ya mayar da kwat, ko da shekara arba'in ya yi yana sa ta. Matar Ntate Sekake ta rasu, 'ya'yansa biyu suna can ƙetaren iyaka, ba a jin ɗuriyarsu sai Kirsimeti. Ya sha gaya min cewa shi mutuwa ba ta ba shi tsoro, abin da yake gudu shi ne a kai shi shiru.

Akwai hanya ɗaya da ake rufa wa mutum asiri in muryarsa ta lalace: a bar shi a sahu, ya riƙa motsa baki ba sauti. Kifi muke ce wa irin wannan. Kowace ƙungiya tana da kifayenta, kowa ya san su, ba a dai faɗa a fili. Ntate Sekake kuwa ya fi kowa iya yi musu ba'a. In muna kallon wata ƙungiya a gasa, sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Tefo, dubi na ukun can a baya. A kawo kwando." Ni kuma in danne dariya har hawaye.

Waƙar dole ta gasar waccan shekarar ta Ntate Lebusa ce, wadda ya yi wa mazan da suka tafi rami ba su dawo ba. Mun daɗe muna rera ta a jana'iza da taron coci. A shafinta na ƙarshe murya ta huɗu takan rabu biyu, na ƙasa su riƙe sauti ɗaya tak har ƙirge goma sha shida, a hankali, sauran muryoyin suna ta kai da kawowa a samansu. Na ƙasan nan mu biyu ne. Da can satar numfashi muke yi, yadda kowa yake yi: ya riƙe in shaƙa, in riƙe ya shaƙa, sau ɗaya-ɗaya, mai sauraro ya ɗauka zare ɗaya ne bai tsinke ba.

Shekara uku kafin wannan, na lura satarsa ta zama biyu. Daga baya ta zama uku, ta zama huɗu: bayan ƙirge na uku, na bakwai, na goma, da na sha uku. Ban ce masa komai ba. Na daina shaƙar nawa gaba ɗaya, na koyi riƙe sha shidan nan da numfashi ɗaya, ina buga ƙusa a dunduniyar takalmi ina ƙirgawa. Har taba na bari, na ce wa matata likita ne ya hana, alhali rabona da likita tun ina saurayi. Duk inda ya saki kuma, sai in ƙara tawa muryar ta cike gurbin mutum biyu. Na ɗauka na yi wayo, kuma ba wanda ya taɓa ce min ban yi ba.

Saura mako uku gasa aka shirya bitar kwana biyu a zauren cocinmu, mu da wasu ƙungiyoyi biyu daga ƙauyukan gindin dutse. Watan Yuni ne, sanyi yana shiga har cikin haƙori. An kunna hita biyu na kananzir, kowa ya ƙudundune cikin bargo, ana jiran malamar waƙa da za ta zo daga Maseru, babban birni. Da yake ta makara, sai aka faɗa abin da aka saba faɗawa in mawaƙa sun taru ba aikin yi, wato gardama a kan Ntate Lebusa.

Mme Malineo, babbar masu murya ta ɗaya, ita ta fara. "Ni dai duk ranar da na rera waƙarsa sai na yi kuka. Mutumin nan Allah ya taɓa shi."

"Ke ai ko sanarwar tafiyar mota aka sa wa murya huɗu sai kin yi kuka," in ji ni.

"Ntate Tefo, ka ji da takalmanka."

Wani daga ƙungiyar ƙauye ya ce shi a ganinsa waƙoƙin Lebusa duk ɗaya ne, ya rubuta guda tun yana saurayi, yana ta canja mata riga. Wata ta ce to me ya sa ba a yin bikin aure ko jana'iza a ƙasar nan sai da su? Ya ce ai shayi mai cokali shida na sukari ma kowa yana sha, ba shi ya sa ya zama abinci ba. Jagoranmu Ntate Pitso, tsohon shugaban makaranta, ya ɗaga yatsa kamar yana gaban aji, ya ce mutane suna raina abin da ya zo musu da sauƙi ne kawai, amma rubuta abin da manomi da malamin asibiti za su iya rerawa tare ba ƙaramin aiki ba ne.

"Ntate Sekake, kai ba ka ce komai ba," in ji Mme Malineo, don ta san inda za ta taɓa.

"Me zan ce, Mme? Yana da kunne. Ƙirji ne ba shi da shi."

"Amma shekara nawa kana rera shi?"

"Shekara ashirin da shida na yi ina haƙa wa wani zinariya, kin taɓa jin na ce ina son mai ramin?"

Ana cikin dariyar wannan malamar ta shigo. Mme Nthati sunanta, siririya, ba ta wuce arba'in ba, da ɗan usur ɗin ɗaukar murya rataye a wuyanta. Ta ba da haƙuri sau ɗaya ta shiga aiki. Gaskiya ta san abin da take yi, ko ni da na zo da niyyar kushe ta sai da na yarda. Ta sa muka yar da barguna, muka miƙe, muka yi ta hamma da hura iska kamar masu hura wuta. Ta bi mu layi-layi da do, re, mi na takardar, ta nuna mana wuri biyu da muka shekara muna tafiya a karkace ba mu sani ba. Ba ta tsawa, ba ta kuma yabo a banza.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ce kowace ƙungiya ta tashi ta rera waƙar dole a gaban sauran. Mu ne na ƙarshe. Ntate Pitso ya ɗaga hannu muka fara, ita kuma ta rufe ido ta shiga tsakanin sahu tana tafiya a hankali, kanta a karkace. Da muka iso shafin ƙarshe tana bayanmu. Na cika ƙirji na kama sautin. Bayan na uku Ntate Sekake ya saki, na ƙara. Na bakwai, na ƙara. Muka kai ƙarshe, har 'yan ƙauye suka tafa.

Ta zagayo gaba ta buɗe ido. "Kun iya ta. Amma akwai wanda yake kumbura a ƙasa. Sau huɗu." Ta dube ni kai tsaye. "Ntate, sunanka?"

"Tefo."

"Ntate Tefo, murya kam Allah ya ba ka, kowa ya ji. Ba sai ka tuna mana sau huɗu a layi ɗaya ba."

Zauren ya kwashe da dariya, Mme Malineo har da buga cinya. Kunya ta kama ni, amma can ƙasan kunyar na ji sanyi a raina. Na ce a raina a bar shi a haka, a ce Tefo mai son a sani ne, dama ana faɗa.

"Ki yi haƙuri, Mme," na ce. "Hali ne. Zan gyara."

"Za mu gyara yanzu. Shafin ƙarshe kawai. Kai ka yi shiru, ka saurari abokin tsayuwarka, ka ji yadda ake shimfiɗa sauti a bar shi ya kwanta. Tun ɗazu nake jin muryar dattijon nan, irinta ta yi ƙaranci."

Na ce, "Mme, ki bari mu yi tare, zan rage."

"A'a. Sai ka ji da kunnenka tukuna."

Na dubi Ntate Pitso ko zai cece ni, amma shi bai san komai ba, murmushi ma yake yi, yana jin daɗin an kama ni. Ntate Sekake ya gyara tsayuwa, ya ɗan ɗaga haɓa. An yabe shi a gaban ƙungiya uku. Ya ce min ƙasa-ƙasa, "Buɗe kunne, yaro."

Ta busa usur, hannun Ntate Pitso ya sauka, na rufe bakina. Ƙirge ukun farko, ban taɓa jin sauti mai kyau kamarsa ba. Daga nan ya yanke. Ba yankewar ce ta fi muni ba, shaƙar ce: wani siririn fito daga ƙirjinsa, kamar iska tana shiga ta ƙasan ƙofa, wanda na saba binnewa da muryata. Ya sake kamawa, ya yanke a na bakwai. Waɗanda suke gaba suka fara waiwaye. A na goma muryoyin mata suka yi rauni, a na sha uku ba wanda yake rerawa sai shi kaɗai, ya ja fiton nan, ya ƙarasa ukun da suka rage da jijiyoyin wuyansa a tsaye. Bai tsaya ba sai da ya kai sha shida.

Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi tari. Mme Nthati ta dube shi, ta dube ni, na ga lokacin da ta gane abin da ta yi. Ta sauke kai.

"Ntate, ka yafe ni," in ji ta. "Ban sani ba."

"Ba laifinki ba ne, 'yata." Ya jira numfashinsa ya dawo. "Kin san mai waƙar nan?"

"Shi ya koyar da ni, Ntate."

"To in kin koma ki tambayar min shi. Ya yi wa mazan rami waƙa, sai ya yi ta yadda ba namijin da ya shiga rami ya fito da zai iya rera ta. Wa ya yi wa ke nan?"

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma lallashe shi ba. "Na taɓa tambayarsa dalilin wannan dogon sautin. Wansa yana can ƙasa a rami, ba a taɓa fito da shi ba. Ya ce sautin nan ƙasar ce da ta rufe su. Shi ya sa bai sa wurin shaƙa ba. Ƙasa ba ta numfashi."

"Ita ba ta yi," in ji Ntate Sekake. "Mu da muke ƙarƙashinta muna yi."

Ntate Pitso ya ce a tashi a ci abinci.

An kawo tuwon masara da ganye da ɗan naman tunkiya. Na ɗauki kwano biyu na fita nemansa. Na same shi a bayan zaure, a zaune kan wani tsohon benci inda rana take bugun bango, ya ja bargo har haɓa. Na ajiye masa nasa, bai duba ba.

"Shekara nawa?" ya ce.

Na yi kamar ban gane ba. Ya juyo ya dube ni, na ce, "Uku."

"Tabar da ka bari?"

"Ita ma."

"Ka ce likita."

"Na ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na zaci godiya zai yi, tsakani da Allah har na fara shirya yadda zan ce ba komai. Sai ya ce, "Ka cuce ni, Tefo."

Raina ya ɓaci nan take, don ni ba mai haƙuri ba ne. "Na cuce ka? Shekara uku ina ganin duhu-duhu a ƙarshen waƙar nan don kada a ji ka, shi ne na cuce ka?"

"Zauna, ka daina yi min tsaye a ka." Na zauna. "A rami, in mutum ba shi da lafiya, 'yan uwansa sukan ɗauke masa rabonsa na dutse. Ba wani abu ba ne, kowa ana yi masa. Amma in an fito, a cikin kejin da yake hawo da mu, sai wanda ya ɗauka ya ce, wane, yau ni na kwashe naka. A fuska ake faɗa. Ka san don me?"

"Don a gode masa."

"Don mutum ya san ƙarfinsa. Wanda bai san an ɗauke masa ba, gobe sai ya shiga inda ƙarfinsa bai kai ba, yana ganin shi gwarzo ne." Ya nuna zauren da haɓa. "Ka ga inda na shiga yau. Har da ɗaga haɓa. Na san ina sata, amma na ɗauka satar ƙwararre nake yi, ba a ji. Ka bar ni shekara uku ina nuna mutane ina cewa a kawo kwando."

Na so in ce tsoro na ji, kada in faɗa masa ya yi zuciya ya mayar da kwat. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce gaskiyar. Ina jin daɗin abin. Ina jin daɗin cewa ni kaɗai na sani, ni kaɗai nake riƙe da shi, kuma ban taɓa tambayar kaina ko shi yana so a riƙe shi haka ba. Na ji kunyar da ta fi ta cikin zaure.

Muna nan zaune Ntate Pitso ya zagayo, hularsa a hannu. Mutum ne mai son gasa kamar ransa, shekara uku muna zuwa na biyu, amma ba mugu ba ne. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi shekarun Ntate Sekake a ƙungiya, ya yabi muryarsa, kafin ya iso inda za shi.

"Alƙalai da takarda a hannu suke saurare, Ntate. Mme Nthati ta ce Tefo zai iya riƙe layin shi kaɗai in ya daina ƙari. Shafi huɗun farko naka ne, ba mai taɓa maka su. Na ƙarshen ne kawai..." Ya kasa ƙarasawa.

"Faɗi sunan abin, Ntate Pitso. Kai malami ne."

"Ka tsaya a sahu. Shi ne kawai dokar ta ce."

"Kifi."

"Shafi ɗaya ne, Ntate."

Ntate Sekake ya miƙe, ya gyara bargonsa, ya kama hanyar gida ta kasuwa. Bai dawo zaman yamma ba. Tuwonsa ni na mayar wa mata da shi, ya sandare.

Ranar Lahadi bayan sujada aka ce kowa ya zo da kwat, za a rufe bita da rerawa kamar ranar gasa. Mun jeru, gurbin damana ba kowa, sai ga shi ya shigo da kwat ɗinsa a ninke cikin leda, an goge ta har tana ƙyalli. Haka ake kawo ta in za a mayar. Mme Malineo ta toshe baki da hannu. Ya taka har gaban teburin Ntate Pitso, ya tsaya, ya daɗe yana kallon ledar. Ni dai ban san abin da ya gani a cikinta ba. Sai ya yar da bargonsa a kan kujera, ya zaro kwat ɗin ya sa, ya ɓalla maɓallanta uku, ya zo ya tsaya a wurinsa.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Shafin ƙarshe naka ne. Kada ka kumbura."

Ranar ban kumbura ba. Na kafa ido a kan agogon bango, na toshe kunnena na dama da ƙarfin zuciya, na shimfiɗa sautin sumul tun daga ɗaya har sha shida. Mme Nthati ta ce haka ake so. Da za ta tafi ta je ta durƙusa a gabansa ta riƙe hannunsa, ta ce za ta kai saƙonsa. Ko ta kai, ko mai waƙar ya ba da amsa, mu dai ba mu ji ba.

Ranar gasa a Maseru babu agogon da zan kalla. Zauren ya cika, alƙalai uku suna zaune da takardunsu. Shafi huɗun farko Ntate Sekake ya rera su kamar yana da shekara arba'in, na ji katakon dandamali yana rawa a ƙarƙashin takalmina. Muka juya zuwa na ƙarshe, ya buɗe baki yadda ya kamata, ba sauti. Na kama layin ni kaɗai.

Bayan ƙirge na uku na ji fiton nan a kunnena. Ba waƙa yake yi ba, tsaye kawai yake da baki a buɗe, amma ƙirjin nan ko tsayuwar ma ba ya iya kai ta ƙirge huɗu sai ya nemi iska. A nan na san ciwon ya wuce inda nake zato. Kafin in yi tunani maƙogwarona ya riga ya ƙara. Na ce ba zan sake ba, na bakwai ya zo na sake. Ina ganin fuskar Ntate Pitso tana canjawa a gabana, ban iya hana kaina ba, har sau huɗu.

Na uku muka zo. A mota kan hanyar gida Ntate Pitso ya tashi yana karanta mana takardar alƙalai kamar yadda ya saba. Ya karanta na masu murya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya iso kanmu ya tsaya, ya fara ninke takardar.

"Karanta mana, Ntate," in ji Ntate Sekake daga kujerar kusa da ni.

Ya buɗe ya karanta ba tare da ya ɗago ba. "Murya ta huɗu tana da zurfi da kyau. A shafin ƙarshe tana kumbura sau huɗu ba dalili."

Ntate Sekake ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da Mme Malineo ta miƙo masa ruwa. Da ya lafa ya ɗora hannunsa a gwiwata ya bar shi a nan.

"Jaki," ya ce. "Ka kayar da mu."

"Na kayar."

"To faɗa min a fuska."

Na juya na dube shi. "Ntate Sekake, yau ni na kwashe naka."

"Na ji," in ji shi. Ya rufe ido, bai ɗauke hannun ba har muka shiga Mafeteng.

A watan Agusta ya rasu, iska tana kaɗa ƙurar gonaki. Muka shimfiɗa kwat ɗin a kan akwatinsa, muka ɗauke shi daga ƙofar gida da waƙa, ta hanyar kasuwa, don ita ya saba bi. A bakin kabari Ntate Pitso ya ce a yi ta Lebusa. Mme Malineo ta ce ai marigayin ba ya son ta. Ya ce ya sani, amma tasa ce.

Da muka zo shafin ƙarshe na cika ƙirji na kama sautin. Ba kowa a damana, ba fito, ba abin da zan rufe. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, muryata ta ƙaru da kanta.